Gasar harbi da ƙaramar bindiga a matsayin atisaye ga masu ɗaukar makami a ɓoye a Amurka: tambayoyi da amsoshi

A Amurka miliyoyin mutane suna da izinin yawo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin tufafinsu, amma kaɗan ne daga cikinsu suke atisaye da ita yadda ya kamata. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci sukan shiga gasar harbi da aka tsara don ta yi kama da yanayin kare kai. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda gasar take, da abin da take koyarwa, da kuma inda amfaninta ya tsaya.

Mece ce wannan gasa, kuma daga ina ta samo asali?

Gasa ce da mutum yake zaro ƙaramar bindiga daga kubenta a ƙarƙashin riga, ya harbi allunan kwali masu siffar ƙirjin mutum da kansa, yana tafiya daga wuri zuwa wuri yana fakewa a bayan bango ko ganga, ana kuma ƙidaya masa lokaci. Ƙungiyar da ta fi shahara da shirya ta ita ce IDPA, wadda aka kafa a 1996. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Bill Wilson, maƙerin bindigogi na garin Berryville a jihar Arkansas, da Ken Hackathorn, da Larry Vickers, da Walt Rauch.

Tushen abin ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1950 wani tsohon hafsan rundunar sojan Amurka ta Marine mai suna Jeff Cooper yake shirya gasar saurin zaro bindiga a Big Bear Lake da ke Kalifoniya, kuma a can ne wani ɗan sanda, Jack Weaver, ya nuna cewa wanda ya riƙe bindiga da hannu biyu ya ɗaga ta daidai idonsa ya fi mai harbi da hannu ɗaya daga ƙugu samun abin da ya bara. A 1976 aka yi taro a garin Columbia na jihar Missouri inda aka kafa ƙungiyar gasar harbi ta duniya mai suna IPSC, Cooper ya zama shugabanta na farko. Da tafiya ta yi tafiya sai gasar ta koma ta kayan aiki: bindigogi masu tsada da aka yi wa gyare-gyare iri-iri, da kube wanda bindiga ke rataye a fili, abubuwan da babu mai iya fita kasuwa da su. Wannan ne ya sa waɗancan mutane suka ware a 1996, da niyyar mayar da gasar ga irin bindigar da mutum zai iya ɗauka a jikinsa tun safe har dare.

Doka ta yarda mutum ya yi yawo da bindiga a ɓoye?

A Amurka ta yarda, sai dai sharuɗɗan sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya tanadi haƙƙin mallakar makami ya kuma fara aiki a 1791, shi ne ginshiƙin batun. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Heller cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai, sannan a watan Yunin 2022, a shari'ar Bruen, ta soke ƙa'idar jihar Niyok da ta ce sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin fita da ita. Fulorida ce ta zama abin koyi ga jihohi da dama tun 1987, lokacin da ta wajabta wa hukuma bai wa duk wanda ya cika sharuɗɗa lasisi, Illinois kuwa ita ce ta ƙarshe da ta buɗe ƙofar, a 2013. Zuwa 2024 jihohi 29 sun daina neman lasisi gaba ɗaya daga wanda doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba.

Abin da ya haɗa wannan da gasa shi ne ƙarancin horon da doka take nema. A wasu jihohin darasin yini ɗaya da 'yan harbe-harbe a tsaye wuri guda sun isa a ba mutum lasisi, a wasu kuma ba a neman ya harba ko da harsashi ɗaya. Duk wanda yake son ƙwarewar da ta wuce wannan, shi zai nemo wa kansa hanya.

Yaya zango ɗaya na gasar yake gudana?

Gasar ƙaramar ƙungiya ta wata-wata takan ƙunshi zango biyar ko shida, kowanne da ɗan labarin da aka gina shi a kai: kana zaune a teburin gidan abinci, ko kana cire kuɗi a na'urar banki, ko kana fitowa daga mota. Ana karanta wa rukunin masu harbi bayanin zangon, a zaga da su tare su ga inda allunan suke, amma ƙa'idar IDPA ta hana mutum ya koma shi kaɗai yana kwaikwayon harbi da hannu don ya haddace tafiyarsa.

Idan layi ya zo kan mutum, jami'in kiyaye haɗari zai tsaya a bayansa ya ba shi umarnin ɗura bindiga da mayar da ita kube. Sai ya tambaye shi ko ya shirya, sannan ya danna wata 'yar na'ura da take yin ƙara. Daga wannan ƙara lokaci ya fara, kuma na'urar tana jin kowane harbi tana rubuta daƙiƙarsa har zuwa na ƙarshe. Zango ba ya buƙatar fiye da harsashi 18, kuma yawancin allunan suna kusa, cikin tazarar yadi 15. Idan mai harbi yana fili zai fara da allon da ya fi kusa da shi, idan kuma yana leƙowa daga bayan bango zai harbi kowane allo a daidai lokacin da ya fara bayyana masa, ba tare da ƙafarsa ta tsallake layin da aka shata a ƙasa ba. A tsakanin allunan akwai waɗanda aka zana wa tafukan hannu a buɗe, alamar cewa mutanen da ba ruwansu ne. Da ya gama sai ya cire gidan harsashi, ya nuna wa jami'in cewa babu komai a cikin bindigar, ya mayar da ita kube, sannan a ba kowa izinin shiga a duba allunan a liƙe ramukan.

Ta yaya ake lissafin sakamako?

Da lokaci ake yi, kuma wanda ya fi ƙarancin daƙiƙoƙi shi ya ci. A tsakiyar ƙirjin allon akwai da'ira mai faɗin inci 8 wadda harbi a cikinta ba ya jawo tara. Harbin da ya faɗa a yankin da ke kewaye da ita yana ƙara daƙiƙa ɗaya, na gefen allo daƙiƙa uku, wanda ya kuskure allon ɗungurungum daƙiƙa biyar. Kafin 2017 rabin daƙiƙa ake ƙarawa a kan kowane maki da aka rasa, sai aka ninka shi don a ƙara wa dacewar harbi nauyi a kan sauri. Saɓa wa ƙa'idar zango yana jawo daƙiƙa uku, harbin allon wanda ba ruwansa daƙiƙa biyar, wanda kuma ya yi wayo da gangan don ya kauce wa manufar zangon ana iya ɗora masa daƙiƙa 20.

Me gasar take koya wa mutum wanda zuwa filin harbi na yau da kullum ba ya koyarwa?

Filayen harbi na kasuwanci da yawa, musamman na cikin gini, ba sa barin mutum ya zaro bindiga daga kube, ba sa barin ya motsa daga akwatinsa, wasu ma sukan hana harbi da sauri. Saboda haka mutum yana iya shekara goma yana zuwa can bai taɓa gwada abu na farko da zai yi a ranar da ya buƙaci bindigar ba, wato janye riga da kamo makamin da fito da shi ba tare da yatsansa ya shiga wurin kunama ba. A gasa wannan shi ne farkon kusan kowane zango. Haka kuma yana koyon sauya gidan harsashi idan ya ƙare, da gyara bindiga idan ta cije, da harbi da hannu ɗaya, da tafiya da makami a hannu ba tare da bakinsa ya nuna kowa ba.

Abu na biyu shi ne matsi. Ƙarar na'ura da idanun mutum goma ko sha biyar da ke tsaye a baya ba su kai tsoron mutuwa ba, ko kusa, amma sun isa su sa hannu ya yi rawa, mutum ya manta tsarin da ya yi a ransa daƙiƙa biyu da suka wuce. Wanda ya saba aiki a cikin wannan hali hannunsa yakan riƙa yin abin da ya kamata ba sai ya tsaya tunani ba, hankalinsa kuma ya samu sararin duba abin da ke gabansa. A ganina wannan ne babban amfanin gasar, ya fi ma iya saiti muhimmanci.

Akwai kuma awo na gaskiya. Mutane da yawa suna ganin sun iya harbi har sai ranar da aka rubuta lokacinsu kusa da na wasu a takarda ɗaya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Binciken da cibiyar RAND ta yi wa rundunar 'yan sandan Niyok, wanda ya fito a 2008, ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006 kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasan da jami'ai suka harba a musayar wuta suka samu wanda aka nufa, idan kuma ba a mayar musu da wuta ba adadin ya kai kashi 30. Waɗannan mutane ne da suke cin jarrabawar harbi ta rundunarsu. Kowane harsashin da ya kuskure a cikin gari akwai inda zai sauka, kuma wanda ya harba shi ne zai amsa tambaya a kansa.

Gasa takan tona asirin kayan aiki ma. Kuben da yake biyo bindiga idan an zaro ta, da ɗamarar da take sassautawa, da rigar da igiyarta take shiga cikin kube, da bindigar da take cijewa idan ta yi zafi, duk a nan ake gane su.

To me ba ta koyarwa?

Ba ta koyar da hukunci, wato sanin lokacin da ya halatta a zaro bindiga da lokacin da zaro ta laifi ne. A fili ƙarar na'ura ce take yanke wannan shawara. Mai harbi ya san tabbas zai yi harbi, ya san allo nawa ne, ya san inda suke, ya san kwali ba ya ramawa kuma ba ya ɗaga hannu ya ce ya tuba. Babu zangon da ake cinye shi ta hanyar juyawa a bar wurin, ko ta hanyar ba da haƙuri, ko miƙa jakar kuɗi, alhali a titi waɗannan su ne suke raba mutum da bala'i a mafi yawan lokuta.

Dokokin kare kai na jihohin Amurka sun yi tarayya a kan cewa ba a amfani da ƙarfin da zai iya kisa sai idan mutum yana da dalili mai ƙarfi na ganin cewa mutuwa ko mummunan rauni yana gab da samunsa ko samun wani, kuma ba shi ya tayar da rigimar ba. Daga nan suka rabu: wasu jihohin sun wajabta ja da baya idan akwai hanyar tsira, wasu kuma, kamar Fulorida tun 2005, sun cire wannan sharaɗi. Ko a can ɗin, wata mata a Jacksonville da ta yi harbin da ta ce na gargaɗi ne a 2010 an yanke mata shekara 20 a 2012, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Tarar daƙiƙa biyar da gasa take ɗorawa a kan harbin wanda ba ruwansa ba ta da alaƙa da abin da kotu za ta yi wa mutum a kan irin wannan kuskure.

Haka kuma gasa ba ta koyar da abin da yake biyo bayan harbi. A watan Yunin 2021 a garin Arvada na jihar Colorado, wani mutum mai ɗauke da bindiga ya harbe maharin da ya kashe ɗan sanda, sannan ya ɗauki doguwar bindigar maharin a hannunsa, jami'in da ya iso wurin ya zaci shi ne maharin ya harbe shi har lahira. Iya harbin mutumin bai gaza ba ko kaɗan. Abin da ya faru a daƙiƙoƙin da suka biyo baya ne babu filin gasar da yake tanadar wa mutum.

Batun tazara ma yana da nasa gyaran. Tom Givens, wanda ya daɗe yana koyar da harbi a Memphis, ya tattara labaran ɗalibansa da suka yi musayar wuta da 'yan fashi, ya ga yawancinsu sun faru ne a tazarar yadi uku zuwa biyar, kusan tsawon mota ɗaya. Tun 1983 wani sajan na 'yan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da ƙwararre yake buƙata ya zaro ya harba. A irin wannan kusanci abin yakan rikiɗe ya zama kokawa, kuma gasa, saboda dalilin kiyaye haɗari, ba ta taɓa wannan fanni. Akan samu akasin haka jefi-jefi, kamar a 2022 a wata cibiyar kasuwanci da ke Greenwood a jihar Indiana, inda wani saurayi ɗan shekara 22 ya fara harbin mahari daga kimanin yadi 40, harsashi takwas cikin goma suka same shi.

Gaskiya ne gasa tana sa wa mutum mugun sabon da zai iya jawo masa halaka?

Wannan gardama ce da ta daɗe a tsakanin masu koyar da harbi. Masu suka sukan ce wanda ya saba harbin kowane allo sau biyu ya wuce, ko ya saba sauke harsasai da zarar ya gama zango, haka zai yi ranar da abin ya zama gaske. Misalin da suka fi kawowa shi ne na Newhall a Kalifoniya, inda aka kashe jami'an sintirin hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar a watan Afrilun 1970. An shekara da shekaru ana cewa an tarar da kwanson harsasai a aljihun ɗaya daga cikinsu, wai don ya saba tsince su a filin atisaye. Binciken da aka sake yi daga baya bai tabbatar da wannan labari ba, ko da yake gaskiya ne an kashe jami'in yana cikin ɗura libarbarsa, kuma lamarin ya sa an sauya yadda ake horar da 'yan sanda a ƙasar.

A ɗaya ɓangaren akwai Jim Cirillo, wanda ya yi aiki a rukunin kwanton ɓauna na 'yan sandan Niyok daga ƙarshen shekarun 1960, ya shiga musayar wuta da dama ya fita da rai. Ɗan gasa ne tun kafin nan, kuma ya sha faɗin cewa gasa ta taimake shi, har yana ganin 'yan gasa suna cikin waɗanda suka fi dacewa da irin aikinsu.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne sabon yana iya kama mutum idan gasa ce kaɗai atisayensa. Wanda ya koyi tuƙi a filin makaranta ya iya sitiyari da birki da giya, kuma babu mai cewa wannan ilimi zai cuce shi, sai dai bai san halin direbobin kan titi ba tukuna. Maganin abin shi ne a ƙara wani horon a kai, ba a daina gasar ba.

Da bindigar da mutum yake ɗauka kullum zai shiga, ko sai ya sayi ta gasa?

Idan manufarsa atisayen kare kai ne, da wadda yake ɗauka kullum ya kamata ya shiga, a cikin kuben da yake sawa kullum, ƙarƙashin irin rigar da yake fita da ita. Ƙungiyar IDPA ta kasa bindigogi rukuni-rukuni don kowa ya kara da tsaransa: akwai na bindigogin da ba a taɓa su ba tun fitowarsu daga kamfani, irin su Glock 17, akwai na waɗanda aka yi wa gyara, akwai na ƙanana masu sauƙin ɓoyewa, da na libarba, da na masu ƙaramin madubin saiti mai jan ɗigo. A yawancin rukunan dole bindiga ta shiga cikin wani akwatin awo, harsashi kuma ya kai wani mizani na ƙarfi da ake samu ta hanyar ninka nauyinsa da gudunsa, don kada wani ya zo da harsashi mai rauni wanda ba ya girgiza hannu. Ana gwada ɓoyewa ta hanyar sa mutum ya miƙe hannayensa gefe da gefe, idan an hango bindiga ko kube to rigar ba ta yi ba. Tun 2022 an yarda a sa kube a gaban ciki, wanda shi ne yadda mutane da yawa suke ɗauka a zahiri.

Sai dai duk inda aka sa kofi, masu neman kofi za su zo. Da yawa daga cikin 'yan gasa suna sa wata falmaran mai aljihuna irin ta masu ɗaukar hoto, wadda aka ƙarfafa gefenta don ta kauce da bugu ɗaya, kuma babu wanda yake ganinsu da ita a wajen fili. Wannan bai saɓa wa ƙa'ida ba. Amma wanda ya zo da ƙaramar bindigarsa da rigarsa ta kullum ya ƙare a tsakiyar jerin sunaye ya fi ƙaruwa ta fuskar da muke magana a kai, kuma gara ya san da haka tun farko don kada sakamakon ya karya masa gwiwa.

Mene ne bambancinta da gasar USPSA?

USPSA ita ce reshen IPSC a Amurka. Zangonta ya fi tsawo da yawan harsasai, ba a neman a ɓoye bindiga, ba a tilasta fakewa, kuma ana raba maki da lokaci ne a fitar da sakamako. Masu harbinta sun yi suna wajen sauri, don haka wasu sukan haɗa biyun.

Gasar ba ta da haɗari?

Duk abin da aka yi da harsashi mai rai yana da haɗari, shi ya sa ƙa'idojin fili suke da tsauri ƙwarai. A yawancin gasa bindiga takan zauna a kube babu harsashi a ciki, kuma ba a taɓa ta sai a wurin da aka keɓe, inda aka hana taɓa harsashi, ko kuma bisa umarnin jami'i. Wanda ya bari bakin bindigarsa ya juyo baya wajen da mutane suke, ko ya nuna wani sashe na jikinsa da ita, ko ta faɗi daga hannunsa a ɗure, ko ta tashi ba da niyya ba, an kore shi daga gasar ranar, ko da shi ne gwanin gwanaye. Tushen duk wannan shi ne ƙa'idoji huɗu da Cooper ya yaɗa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada a nuna ta ga abin da ba a shirya lalatawa ba, kada yatsa ya hau kunama sai an saita, kuma a tabbatar da abin da ake harbi da abin da ke bayansa.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi shi ne wanda ba ya zuwa farat ɗaya. Ƙarar ƙaramar bindiga takan kai kimanin desibel 160, alhali 140 ma ya isa ya lalata ji nan take, saboda haka abin toshe kunne da tabarau wajibi ne ga kowa har da 'yan kallo. Akwai kuma dalma, wadda take fita a cikin hayaƙin harbi ta manne a hannu da tufafi. Wanke hannu kafin cin abinci da raba kayan fili da na yara ba ƙaramin abu ba ne.

Sai mutum ya ƙware kafin ya je?

A'a, amma sai ya san bindigarsa, ya iya ɗura ta da sauke ta da zaro ta lafiya. Zai buƙaci kube mai rufe kunama, da gidan harsashi uku, da rigar rufewa, da harsashi kamar ɗari ko sama da haka. Ya gaya wa masu shirya gasar cewa sabo ne, su kuwa bisa al'ada sukan sa shi a ƙarshen layi don ya ga yadda wasu suke yi. Burin ranar farko shi ne a gama ba a kore shi ba. Daga baya zai yi gwajin da ake sa mutum a aji da shi, wanda gajerensa harsashi 25 ne a tazarar yadi 10, kuma azuzuwan sun tashi daga na sabon shiga har zuwa na manyan gwanaye.

Me ya kamata a haɗa da gasar?

Na farko shi ne darasin dokar kare kai ta jihar da mutum yake zaune, daga bakin lauya ko malamin da ya san ta, tare da sanin wuraren da aka hana shiga da makami, kamar kotuna da gine-ginen gwamnatin tarayya da sashen filin jirgin sama da ke bayan wurin bincike. Sai horon da ake yi da mutane masu rai da harsashin fenti, inda abokin atisaye yake magana yana gardama yana iya zama ba mai laifi ba, domin a nan ne kaɗai ake gwada hukunci. Atisaye a gida da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, harsasai kuma suna wani ɗaki dabam, yana gyara zaro da riƙo ba tare da kashe ko sisi ba. Sanin yadda ake tsayar da jini da maɗauri zai iya yi wa mutum amfani a haɗarin mota ma.

Sannan akwai ajiya, wadda gasa ba ta cewa komai a kanta. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna cewa a 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Bindigar da ba ta jikin mai ita wurinta akwati mai makulli, musamman a gidan da ke da yara ko wanda yake cikin matsananciyar damuwa.

Baƙon da yake zaune a Amurka zai iya shiga?

Ya danganta da matsayin zamansa. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga a ƙarƙashin dokar tarayya kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai a wasu keɓaɓɓun halaye, misali idan yana da ingantaccen lasisin farauta, wanda kuwa ba shi da takardun zama an hana shi gaba ɗaya. Kuskure a nan yana iya kai mutum kurkuku ya kuma jawo a kore shi daga ƙasar, don haka a tambayi lauya kafin a taɓa makami, ko da na aro ne.

Ya kamata kuma a san cewa lasisi ba ya kawar da haɗarin haɗuwa da jami'an tsaro. A watan Yulin 2016 ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa a jihar Minnesota, jim kaɗan bayan ya shaida wa jami'in cewa yana ɗauke da bindiga, alhali yana da lasisinta, kuma a 2017 kotu ta wanke jami'in.

Ana yin irin wannan gasa a wajen Amurka?

Ana yi a ƙasashe da dama, ciki har da Italiya da Filifin da Tailan, a Afirka kuma akwai ƙungiyoyinta a Afirka ta Kudu da Kenya. A wurare da yawa wasa ne zalla, domin dokar ƙasar ba ta bai wa ɗan gasa damar fita gari da bindigar a jikinsa ba. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saɓanin bindigar farauta da Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da izininta, don haka farar hula ba shi da hanyar yin wannan atisaye da ƙaramar bindiga ba tare da wannan lasisi ba.